Zauren Masu Wuta: Injin Matse Kos

Auta: Masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Garwa. Yau Kawu ya zo mana da injin matse kos mai aiki da mai, kos ɗin nan da ake sa wa a bakin waya a ɗaure ta da noti, ga shi nan yana ɗiga a kan takarduna.

Kawu: Ba ɗiga yake ba, gumi ne. Watan Afrilu a Garwa, wa ba ya gumi?

Auta: To Kawu, yaran da ke haɗa sola suna cewa me zai sa su kashe kuɗi a kansa, ga guduma?

Kawu: Guduma baje kos take yi, ba ta haɗe shi da waya. Silin jan ƙarfen da ke ciki, wasu sun matsu, wasu suna lilo. Ɗauki batir mai bolt 24 da inbata mai kilowat 3. In ta ɗau kaya sosai, amfiya 125 ke bi ta bakin nan. Sai wurin ya yi zafi, roba ta yi baƙi ta narke, mai gida ya ce batir ne ba kyau.

Auta: Shi kuma wannan fa?

Kawu: Kana buga mariƙi, ƙaramin fistin yana tura mai ƙarƙashin babba, ƙarfin hannunka ya zama na tan da yawa. Haƙoran su matse kos ta kusurwa shida, silin duk su dunƙule. Irin YQK-300 ɗin nan, haƙoransa suna kaiwa har waya mai kaurin murabba'in milimita 300. Duba lambar da ke jiki: waya 35, kos 35, haƙori 35.

Auta: Amma kun san wayar kasuwa. A rubuta 35, ka fere ka ga ba ta kai ba.

Kawu: Shi ya sa in ka gama, ja ta da ƙarfinka. In ta motsa, yanke ka sake. In kuma kos ya fito da fukafukai a gefe, haƙorin ya yi masa kaɗan. Fere roba daidai zurfin kos, kada wuƙa ta ci sili ko ɗaya. Ka fara matsewa daga wajen ramin noti, ka nufo waya. Da haƙora sun haɗu, tsaya! Wasu sai sun ƙara bugu uku na neman lada, su tsaga kan injin.

Auta: Wayar alminiyam da ke saukowa daga falwaya fa?

Kawu: Tana da nata kos, mai ƙarfe biyu. Ka sa mata na jan ƙarfe zalla, damina ɗaya ta cinye wurin. Kuma a kashe wuta tukuna, ɗana.

Auta: Injina kuwa, sai in yi ta bugu yana laushi, ba ya tashi.

Kawu: Iska ce ta shiga, ko mai ya ragu. Juya kansa ƙasa, kwance mariƙi, za ka ga jakar roba. Buɗe ta, buga kaɗan iskar ta fita, ka cika. Man haidirolik mara kauri kawai. Man birki yana kumbura robobin ciki.

Auta: Akwai wanda ya ce mini man babur ma yana yi.

Kawu: Kauri ya yi masa yawa. In hunturu ya zo kuma, goge ƙurar jikin fistin, murɗa makunnin sakin mai, fistin ya koma ciki kafin ka sa a akwati. Miƙo tsumman can, da gaske ɗiga yake.