Me ya sa filankiton ke taruwa a layi ɗaya cikin teku?

Jama'a idan kuka dubi hotunan teku na tauraron ɗan Adam da kyau, a wasu wurare za ku ga wani koren layi da ya ratsa teku. Tarin wasu mitsi-mitsin tsirrai ne da ake kira filankiton, ido ba ya ganin ɗayansu, amma kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke samarwa daga wajensu take fitowa. To me ya tara su a nan?

Abu biyu suke nema, hasken rana da taki irin su naitiret. Matsalar ita ce hasken yana sama, takin kuma yana can ƙasa.

A tekun da ke kusa da gaɓa, wanda zurfinsa bai wuce mita 200 ba, ruwa yana cikowa ya janye sau biyu a rana a yawancin wurare, saboda jan wata da rana. Idan ruwan nan ya taho da ƙarfi yana gogar ƙasan teku, sai ya hautsine tun daga ƙasa har sama. Taki ya samu kenan, amma fa ya taso da laka ruwa ya yi duhu, ga shi kuma yana ta wurgi da tsirran nan sama da ƙasa, ba sa daɗewa a inda haske yake balle su hayayyafa yadda ya kamata.

Inda ruwa ya fi zurfi kuma labarin daban ne. Da zafi ya shigo sai ruwan sama ya ɗumama ya kwanta kan mai sanyi kamar mai a kan ruwa, ba sa haɗuwa. Filankiton su sha haske su yi ta yaɗuwa na ƴan makonni, su cinye takin tas, shikenan yunwa.

To tsakanin waɗannan biyun ne abin yake, kuma wallahi nan ne ya fi burge ni. A mahaɗar ruwan da ya hautsine da wanda ya kwanta, taki yana tsiyayowa daga gefe, haske kuma ga shi a wadace. A 1974 masana kimiyyar teku John Simpson da John Hunter suka nuna a Tekun Ailan, wanda ke tsakanin Birtaniya da Ailan, cewa da zurfin ruwa da saurin gudunsa kaɗai za a iya hasashen inda layin zai faɗo. Akwai irinsa kusa da tsibirin Ushant a Faransa, akwai a Georges Bank, wani tudun ƙarƙashin teku a gabashin Amurka, wurin da ya yi suna wajen kamun kifi.

Layin ma ba a tsaye yake cak ba. Lokacin tsayuwar wata da kuma cikarsa ruwa ya fi ƙarfi, sai ya tura layin zuwa inda ruwa ya fi zurfi, bayan kamar mako guda ya lafa layin ya dawo, ruwan da ya kwaso taki ya sake kwanciya a ƙarƙashin rana. Ƙananan halittu su zo su ci filankiton, ƴaƴan kifi su ci su, tsuntsayen teku da manyan kifaye su biyo baya, masunta ma layin suke bi.