Gwiwa Mai Ciwo Ba Zama Take So Ba

Da zarar dattijo ya fara kukan gwiwa, abin da 'ya'ya ke cewa shi ne, "Baba, zauna ka huta, mu za mu ɗauko maka." Tausayi ne, babu shakka. Sai dai zaman nan shi ke buɗe ƙofar faɗuwa.

A cikin gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa. Idan amosanin gaɓɓai ya kama mutum, guringuntsin nan sai ya riƙa zaizayewa, gwiwa ta sage da safe, ta yi ƙara in an lanƙwasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Ciwon kan sa a rage tafiya. In an rage tafiya, naman cinya na gaba, wanda shi ke tallafe gwiwa, sai ya saki. Ran da aka yi ɗan tuntuɓe, ƙafa ba ta da ƙarfin tare jiki. Wanda kuma ya taɓa faɗuwa tsoro ke kama shi, ya ƙara lafewa a kujera, cinyar ta ƙara mutuwa.

To, yaya za ku gane Baba ko Mama na cikin haɗari? Ga gwajin da likitocin fisiyo, wato masu kula da motsin gaɓɓai ta hanyar atisaye, ke yi. Ku auna mita 3 daga gaban kujera, ku sa alama. A tashi, a taka zuwa alamar da tafiyar da aka saba, a juyo, a zauna. Ku riƙe agogo, wani kuma ya tsaya kusa. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, lokacin ganin likita ya yi.

Atisayen kuwa ba ya bukatar wata na'ura. Kujera ce mai ƙwari, mara taya, a jingine ta da bango. A matso bakin kujera, a ja ƙafafu baya kaɗan su zo ƙarƙashin gwiwa, a sunkuyo har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan a miƙe. Yanzu ku lura da komawa, don nan ne aikin yake. Kada a faɗa kujera tim. A sauka a hankali, ana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Da farko a dafa hannun kujera da hannu biyu, in ƙarfi ya samu a koma hannu ɗaya, daga baya a saki. Ko sau biyar aka iya, a fara da biyar ɗin.

Daga zaune kuma, a miƙar da ƙafa ɗaya sambal, a riƙe daƙiƙa biyar, a sauke. Don daidaita tsayuwa, a dafa teburin da ba ya motsi, a ɗaga dugadugai a tsaya kan yatsu, sannan a gwada sa ƙafa ɗaya daidai gaban ɗaya.

Irin wannan tsari ne aka gwada a Jami'ar Otago da ke New Zealand: atisayen ƙarfi da daidaito a gida sau uku a mako, da tattaki aƙalla sau biyu, likitan fisiyo na leƙowa yana ƙara nauyin aikin. Faɗuwa ta ragu da kusan kashi 35 cikin 100. Leƙowar likitan nan tana da muhimmanci, don atisayen da ba a ƙara masa wuya yakan daina amfani.

Za a ji ciwo? Ɗan tsami ba laifi ba ne, muddin ya lafa kafin washegari. In an wayi gari gwiwa ta fi jiya kumburi, a rage yawan, kada a daina gaba ɗaya.

Sanda kuma, da yawa suna riƙe ta a gefen ƙafa mai ciwo. A ɗaya hannun ake riƙewa. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, wajen sauka mai ciwon ke fara sauka. Ku ɗauke wayoyin wuta daga hanya, ku gyara bakin kafet da ya naɗe, ku sa fitila tsakanin gado da banɗaki. A duba idanu, a kuma kai wa likita duk magungunan da ake sha, domin na barci da wasu na hawan jini kan sa jiri in an miƙe.

Amma in gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi da ja, ga zazzaɓi, ko aka faɗi aka kasa taka ƙafar, ko aka ji ciwon ƙirji ana cikin atisaye, a tsaya nan take a nufi asibiti.