Marie Curie da giram ɗaya na radiyom

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? Madalla.

Matar da za mu yi magana a kanta, Marie Curie, an haife ta a Warsaw a 1867, lokacin da wannan yanki na Poland ke ƙarƙashin Rasha, kuma jami'ar garin ba ta ɗaukar mata. Sai da ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali, tana tura wa yayarta kuɗin karatun likita, kafin ita ma ta samu shiga jami'ar Sorbonne a Paris a 1891.

To, ku saurara nan da kyau. A 1896 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Henri Becquerel, ya gano cewa yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, yana fitar da wani tiriri da ido ba ya gani. Marie ta zauna tana auna ƙarfinsa, sai ta ga ɗanyen dutsen ya fi tataccen yuraniyom ƙarfi. Wani da cewa zai yi na'urar ce ta samu matsala. Ita kuwa ta sake awo, ta ce lallai akwai wani sinadari a ɓoye. A 1898 ita da maigidanta Pierre suka sanar da guda biyu, poloniyom da radiyom.

Sauran aikin na ƙarfi ne. A wata rumfa mai yoyo take dafa dusar dutsen a manyan tukwane, tana juyawa da sandar ƙarfe, hayaƙi na cin idonta. Tan-tan na dutse, sai a 1902 ta fitar da kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom. Yatsunta duk sun ƙone, kuma ciwon jinin da ya yi ajalinta a 1934 likitoci sun danganta shi da wannan tiriri.

Kyautar Nobel biyu ta samu, 1903 da 1911, wannan kowa ya sani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba su yi wa hanyar tace radiyom rajistar mallaka ba, suka bar wa kowa. Kamfanoni suka kwasa, farashi ya tashi, har giram ɗaya ya kai dala dubu 100, ita da ta gano shi ta kasa saye. Matan Amurka ne suka yi karo-karo, Shugaba Harding ya miƙa mata kyautar a 1921.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.