Ƙurar hunturu da ƴar halittar da ta rage kaya

Ku dubi hazon da kan lulluɓe Maraɗi lokacin hunturu. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara ba kan tabarminmu kaɗai take sauka ba, wani kasonta sai tekun Atlantika. A can akwai wata ƴar halitta mai suna Prochlorococcus, wadda saboda ƙanƙantarta sai a 1986 masana suka gano ta. Faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, amma cokalin shayi ɗaya na ruwan teku kan ɗauki dubban ɗaruruwanta. Kamar gero, da hasken rana take haɗa abincinta, ta saki oksijin.

Tsakiyar teku kuwa fako ne, taki ya yi ƙaranci. To, ya ta yi ta cika shi?

Kaya ta rage. A 2003 aka karanta kundin gadon iri biyu nata, wato jerin ƙwayoyin gadon da ke tsara yadda halitta take da yadda take aiki. Na saman ruwa, inda rana ke dukansa, ƙwayoyin gadonsa kusan 1,700 ne kacal. Na ƙasa, cikin duhu-duhu, ya haura 2,200. Duk ƙwayar gado sai an kashe mata sinadaran taki, fosfor da naitirojin, a duk lokacin da halittar za ta rabu biyu, don haka a tsawon zamani wadda ta fi sauƙin kaya ita ta fi yaɗuwa. Har ƙwayar gadon da ke karya wata guba da hasken rana ke haifarwa cikin ruwa ta zubar, ta bar wa maƙwabtanta bakteriya wannan aiki. Ni dai wannan ya fi ba ni mamaki: ba ta da maganin gubar, ga ta kuma ko'ina.

Tana kuma aro. Ƙwayoyin bairos da ke kashe ta, su ne ke ɗauko ƙwayoyin gado daga wannan su kai wa waccan.

Mu koma ga ƙurarmu. Tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda ke ƙarfafa wasu halittun teku har su wawashe fosfor, wato "P" ɗin nan na buhun takin NPK. Shi ya sa a arewacin Atlantika fosfor ke wuya. Da aka gwada Prochlorococcus na kusa da tsibirin Bamuda a Atlantika da na kusa da Hawai a tekun Fasifik, babban bambancinsu a nan ya fito: na Atlantika sun fi tara ƙwayoyin gadon farautar fosfor.