Darasi: Kula da Ƙaramar Madatsar Ruwa ta Shaƙatawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau na waɗanda suka tare ruwa ne a gonarsu ko filinsu, suka yi ɗan tafki don iyo, ko kamun kifi, ko dai a zauna bakin ruwa a sha iska. Jingar ƙasar nan da ta riƙe muku ruwan, ita za mu yi magana a kai.

Ku fara da wannan lissafin. Ruwa mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, zurfin mita 1, nauyinsa tan 1 ne. To idan tafkinku ya kai hekta 1, zurfinsa mita 2, kuna riƙe da tan 20,000 ke nan a bayan tarin ƙasa. Kuma akwai masu kwana a gangare.

Kada wani ya ce ai tafkin nishaɗi ne kawai. A ranar 31 ga Mayu, 1889, madatsar South Fork da ke jihar Pennsylvania a Amurka ta ɓalle, ruwa ya afka wa garin Johnstown, mutum 2,209 suka rasu. Madatsar ta wata ƙungiyar attajirai ce masu kamun kifi da farauta. Me aka yi mata? An rage tsayin jingar don kekunan doki su sami hanya mai faɗi, aka kuma sa raga a mafitar rarar ruwa don kada kifi ya gudu. Da ruwan sama ya tsananta, tarkace ya toshe ragar, ruwa ya hau ta kan jinga ya cinye ta. Tasu ta fi taku girma nesa ba kusa ba, amma kuskuren iri ɗaya ne da wanda ake yi har gobe.

Saboda haka mafitar rarar ruwa, ku bar ta a buɗe. Ba raga, ba katako don ƙara zurfin tafki, ba rassa da ganye. Jingar ƙasa ba ta jure ruwa ya bi ta kanta. Da zarar ya sami ɗan kwari ya fara zuba, zaizaya ce za ta kama, kafin a ankara ta zama kwazazzabo.

Yanzu mu zo inda nake so ku kasa kunne sosai, wato bayan jinga, ɓangaren da ba ya kallon ruwa. Mutane sun fi son tsayawa a sama suna kallon tafki, ni kuwa cewa nake ku sauka ƙasa, ku taka gindinta da ƙafarku, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ku nemi wurin da ƙasa ta yi laushi, ko inda ciyawa ta fi ta ko'ina kore shar. A nan ruwa yake tsattsafowa. Kusan kowace madatsar ƙasa tana ɗan yoyo, wannan kaɗai ba abin tashin hankali ba ne. Abin dubawa shi ne launin ruwan da yawansa.

Ku ɗauki kwalba garai, ku tari ruwan, ku ajiye ta ta kwanta. In ruwan fes yake, babu komai a gindin kwalba, to ku rubuta kwanan wata ku ci gaba da sa ido. In kuwa kun ga laka ko yashi ya kwanta, ku sani ruwan nan cikin jingarku yake kwasowa yana fitarwa, yana haƙa wa kansa rami daga baya zuwa gaba. Irin wannan zaizayar ciki ce ta kayar da madatsar Teton a jihar Idaho ta Amurka ranar 5 ga Yuni, 1976. Sannan ku sa bokiti ku duba agogo: minti nawa yake cika? In wancan watan minti 10 ne, yau kuma minti 4 alhali tafkin bai ƙaru ba, wallahi kada ku kwana a kai. Ku kira injiniyan da ya san madatsu, ku sanar da hukumar da ke kula da su a yankinku, ku gaya wa maƙwabtan gangare.

Bishiya fa? Na san inuwa tana da daɗi, amma ba a kan jinga ba. Saiwa tana ratsa ƙasa, ranar da bishiyar ta mutu saiwar ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya. Ƙanana ku sare su tun suna tsiro. Babba kuwa kada ku tumɓuke ta da kanku, aikin gwani ne, don sai an cire saiwa an cike gurbin an daddanne. Ciyawa gajera ita ce rigar jinga: tana riƙe ƙasa, kuma in an yanke ta za ku iya ganin tsagewa da ramukan ɓeraye da sauran dabbobi masu haƙa. Shanu ma a hana su hawa.

Tsagewar da ta ratsa jinga daga gefen ruwa zuwa baya ita ta fi haɗari, don hanyar ruwa ce kai tsaye.

In akwai bututun zubar da ruwa, ku riƙa buɗe makunninsa kuna rufewa aƙalla sau ɗaya a shekara, kada ya yi tsatsa ya ƙi motsi ranar da ake nemansa. Kuma in za ku rage ruwa, a hankali. In aka zuƙe shi da gaggawa, fuskar jingar da ta jiƙe tana iya zaftarewa cikin tafki.

Zagayen nan ku yi shi kowane wata, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Ku riƙa ɗaukar hoto daga wuri guda don ku gwada da na baya. Gobe da safe ku nemo kwalba da bokiti ku sauka bayan jinga. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a huta lafiya.