Kwanakin Farko Bayan Aikin Gwiwa: Nauyin da Ke Kan Masu Jinya

(Wani likitan gashin ƙashi ne ya gabatar da wannan lacca a harabar ɗakin shan magani na wani ƙauye a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. An rubuto ta daga abin da aka naɗa a waya.)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, iyayena maza da mata, sannunku da fitowa. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Yanzu mutanenmu da dama ana kai su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake aiki tun 1959, a yi musu aiki a gwiwa. Wani hatsarin babur ne ya fasa masa ƙoƙon gwiwa, wani jijiya ce ta tsinke, wata tsohuwa kuwa gaɓar ce ta cinye har sai an sa mata ta ƙarfe da roba. Aikin ba iri ɗaya ba ne, don haka kafin a sallame ku, ku tambayi likita ƙarara: an yarda ya taka ƙafar, ko sai da sanduna? An yarda ya lanƙwasa ta? Kuma don Allah kada a ɗauko shi a kan babur. A nemi mota, ya zauna a baya ya miƙe ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne tausayinmu. Da an iso gida sai a shimfiɗa masa katifa, 'yan dubiya su cika ɗaki, kowa na cewa "kwanta, kada ka motsa". Ruwa a miƙo masa, buta a miƙo masa. Wannan kwanciyar tana iya kashe mutum. Kun san kunu idan aka ajiye shi ba a motsawa, daskarewa yake. Haka jini yake yi a jijiyoyin ƙafar da aka yi wa aiki. Idan gudan jinin ya ɓalle, huhu yake nufa. Shi ya sa a asibiti ake tayar da wanda aka sauya wa gwiwa tun ranar aikin ko washegari, yana ciccije baki. Ba mugunta ba ce.

Ko yana kwance, ya riƙa jawo tafin ƙafa sama yana tura shi ƙasa, sau goma ko fiye, duk awa. Ya tashi ya ɗan zaga ɗaki da sandunansa, wani na kusa da shi. Idan kuka ga sharaɓa ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, ku koma asibiti a ranar. Idan numfashi ya fara yi masa wuya ko ƙirji ya riƙe, ko tsakar dare ne a tashi direba.

Sai matashi. Mai ciwo yana jin daɗi idan aka cusa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Kada ku yi. A lanƙwashe za ta saba, daga baya miƙe ta ya zama yaƙi, mutum ya ƙare da ɗingishi. A ƙarƙashin diddige ake sawa, ƙafa ta ɗago, gwiwa ta miƙe.

Kumburi kuwa sanyi yake so. Na san iyayenmu mata, tafasa ruwa za ku yi ku kama gashi da tsumma. A'a, Inna, ba yanzu ba. A sayo ruwan leda mai ƙanƙara wajen masu firjin sola, a naɗe a ƙyalle mai tsabta, a ɗora minti 15 zuwa 20, ba tare da an jiƙa bandeji ba. Shi kuwa wurin ɗinkin ba a shafa masa komai: ba man kaɗanya, ba toka, ba garin magani. Ɗinki yakan kai kwana 10 zuwa 14 kafin a cire. Zazzaɓi, wari, ko ruwa mai fita daga ciwon, duk na komawa asibiti ne.

Magani a sha a kan lokaci, kada a jira zafi ya yi tsanani, don mai jin zafi ba ya motsawa. Kada kuma a ƙara da na kemis, musamman idan an ba shi maganin tsinka jini, haɗin yana iya sa zubar jini.

Maganar da ake jin kunya: masai. Tsugunno ba zai yiwu ba. A sami kujerar roba mai ƙarfi a huda tsakiyarta, a sa bokiti a ƙasa. Gado ma ya fi tabarma, don tashi daga ƙasa wuya ne. Salla kuwa, Malam yana nan, ya fi ni sani: hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba wanda bai iya tsayuwa damar yi a zaune. A zauna a kujera, kada a ce dole sai an durƙusa.

(Nan wata dattijuwa ta tambaya ko gaskiya ne ƙwai da gyaɗa suna sa ciwo ya yi ruwa.)

A'a, Hajiya, ƙwayoyin cuta ne ke sa ciwo ruwa. Ki ba shi ƙwai, wake, kifi, nono, su ne ke haɗa fata. Ki ƙara da zogale da gwanda da ruwa da yawa, domin maganin zafi yakan ɗaure ciki. Sai dai idan mai ciwon suga ne, a rage masa zaƙi, a riƙa kawo shi nan ana auna shi, domin idan suga ya hau ciwo ba ya saurin warkewa. Akwai wani mai tambaya daga ɓangaren maza?