Amsoshin Tambayoyinku: Waƙar Slam da Taskar Kalmomin Ɗalibai

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Da yawa daga wasiƙun wannan mako a kan abu guda suka faɗo, wato slam, wannan salon waƙa da matasa ke tsayawa gaban jama'a su zuba ba ganga ba kalangu, da kuma ko yana da wani amfani ga karatun yara.

Ta farko daga wani ɗalibin sakandare ce a Funtuwa. Ya ce: "Ina ganin bidiyon masu slam a waya. Wai daga ina aka samo shi, kuma me ya raba shi da waƙar da muka sani?"

To ɗan samari, a birnin Shikago na Amurka aka faro shi. Wani ma'aikacin gini mai suna Marc Smith ne ya gaji da yadda ake karanta waƙa a zaure jama'a na gyangyaɗi, sai ya mai da abin gasa. A 1986 ya samu gurbi a wani gidan kiɗa da ake kira Green Mill, zuwa 1990 har an yi gasar ƙasa ta farko a San Francisco. Dokokin ba su da yawa. Waƙar ta zama taka ce, ba aro ba. Minti 3 gare ka. Ba kiɗa, ba shigar wasan kwaikwayo, ba riƙe wani kayan kwalliya. Alƙalai 5 ne, kuma daga cikin 'yan kallo ake tsamo su, ba farfesoshi ba. Kowanne ya ba da maki daga sifili zuwa 10, a zubar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a haɗa ukun tsakiya. Ke nan 30 ne ƙarshen abin da mutum zai samu. Bambancinsa da waƙar makaɗa kuwa, a nan ba 'yan amshi ko kalangu da za su rufa maka asiri idan baiti ya yi rauni.

Sai wasiƙa ta biyu, wadda a kanta za mu daɗe. Wata malama ce daga Gusau mai koyar da Hausa da Turanci a ƙaramar sakandare. Ta ce tana ba yara kalmomi su haddace, su ci gwajin ranar Juma'a, amma in aka ce su rubuta insha'i sai ka ga ba ko ɗaya a ciki. Tana tambaya ko slam zai yi maganin wannan, kuma yaya za ta yi da aji mai yara sama da 80.

Malama, sannu da ƙoƙari. Abin da kike gani shi ne, yaro ya san kalma a ido amma ba ta zama tasa ba. Kalma ba ta zama ta mutum sai ranar da ya buƙace ta, ya nemo ta, ya furta ta gaban mutane. Nan ne slam yake da rana, don yana ƙirƙiro wa yaro wannan buƙatar.

Ga yadda zan so ki gwada. Ki zaɓi jigo guda na kusa da su, a ce damina. Kafin kowa ya ɗora biro a takarda, ki tambaye su: ruwan sama iri nawa kuka sani? Da farko za a yi tsit. Can wani zai ce yayyafi, wata ta ce mamako. Ki rubuta a allo. Sai ga marka, ga ƙanƙara, ga hadari, gajimare, cida, tsawa, walƙiya. Wadda ta ce cida, ki sa ta faɗa wa aji abin da ya raba ta da tsawa. In ba ta sani ba, ta tambayo kakarta, gobe ta kawo amsa. Daga nan ki kafa doka guda ta ajinki: kowace waƙa sai ta ɗauki aƙalla kalmomi 3 daga allo.

Da sun fara rubutu, ki zagaya kina tsokana. Yaro ya rubuta "tsohuwa ta tafi gona", ki ce masa, yaya ta tafi? Tana ɗingishi ne, ko sassarfa take don hadari ya haɗo, ko tangaɗi take saboda santsi? Kowacce ya zaɓa, hoton ya canza, kuma shi da kansa zai ji hakan a bakinsa. Amsa-amo ma yana nasa aikin. Wanda ya rufe ɗango da "hadari", dole ya shiga farautar abokan tafiyarsa: gari, ɗari, tsari, bari. A wannan farauta ce yake tono kalmomin da ya taɓa ji ya manta. Akwai kuma wata riba da takarda ba ta bayarwa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa garin da ake zama a ciki da garin da ake tuka tuwo da shi suke kama ɗaya a rubuce. Amma da yaro ya miƙe ya furta ba daidai ba, dariyar 'yan aji kaɗai ta isa ta gyara masa.

Batun yawan yara kuwa, ki raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya haɗa waƙa guda su gabatar tare. Ko a manyan gasa ana yin haka. Ki rage lokacin zuwa minti 1. Makin ma rukuni za a ba, kada yarinya mai kunya ta sha sifili gaban jama'a ta yi rantsuwar ba ta ƙara buɗe baki. Masu sauraro kuma kada su zauna hannu rabbana: kowa da littafinsa, ya rubuta kalma 2 da ya ji bai sani ba. Kin ga a darasi guda yaro ya ji "marka" a jimloli daban-daban daga bakin abokansa, wanda ya fi a sa shi ya kwafe ta sau goma a jere.

Sai dai ki yi hattara da abu guda, musamman a ajin Turanci. Yaranmu sun ɗauka iya harshe shi ne jibgo kalmomi masu karya haƙori. Ni ban ga fasaha a waƙar da sai an buɗe ƙamus kafin a tafa ba. Ki bar alƙalan su zama 'yan aji. Abin da ba su gane ba, ba za su ba shi maki ba, kuma mai dogon Turanci zai sauko da kansa. A Hausa kuwa, in gardama ta kaure a kan ma'ana, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 ya isa ya raba ta.

Wasiƙa ta uku daga wani dattijo ce a Haɗeja. Ya ce 'yarsa ta shiga ƙungiyar masu wannan waƙa a makaranta, shi kuma yana tsoron kada abin ya zama roƙo, ko ya ɗauke mata hankali daga jarrabawa.

Baba, Allah ya ƙara girma. Damuwarka ta uba ce, amma ka kwantar da hankali. Ba kiɗa a ciki, ba wasa wani don a yi liƙi. In ma za a nema masa dangi a gidanmu, ya fi kusa da rubutattun waƙoƙin malamai da ake rerawa ba ganga. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta riƙa isar da karatu ga matan karkara ta hannun 'yan taru, wato ƙungiyar mata da ta kafa don karantarwa. Game da jarrabawa, ba zan yi maka alkawarin maki ba. Amma wani masani ɗan ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutun Turanci ba da taimako ba, sai ya san kamar kalmomi 98 cikin kowane 100 da ke shafin, wanda ke buƙatar kalmomi 8,000 zuwa 9,000, ban da rassansu. Darasin aji kaɗai ba zai kai ta nan ba. Shawarata, ka sa ta karanta maka abin da ta rubuta bayan sallar isha'i. Abin da bai dace ba ka gyara mata, ka kuma kula da wuraren da take zuwa gabatarwa da waɗanda ke raka ta.

Ta ƙarshe daga Maraɗi ta zo, daga wata ɗalibar lise, wato babbar sakandare: "Ni da Faransanci nake slam, amma ina sirka Hausa. Laifi ne?"

Ko kaɗan, ƙanwata. Ku a ƙasashe masu amfani da Faransanci ma abin ya yi ƙarfi sosai, tun da mawaƙin Faransa Grand Corps Malade ya yi tashe a 2006, har aka yi gasar slam ta nahiyar Afirka karo na farko a Njamena a 2018. Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce, me ya sa kika sirka? In karin maganar Hausa ce ta fi dacewa da wurin, ki sa ta da gadara. In kuwa kalmar Faransancin ce ta ɓace miki kika fake da Hausa, ko akasin haka, to nan ne ya kamata ki tsaya ki nemo ta. Ki gwada rubuta waƙa guda da Hausa zalla, ki sake ta da Faransanci zalla, sannan ki yi ta uku mai sirki.

Lokaci ya cimmana. Wasiƙun da ba mu kai gare su ba, har da wadda ke tambaya kan kirarin 'yan dambe, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.